Tikitin zaga Suwizalan da jakar goyo: wanda zan sake saya, da wanda ya ƙona ni

Duk wanda ya goya jakarsa ya nufi Suwizalan zai gane cewa sufuri ne ke fara cinye masa guzuri, tun kafin a zo maganar abinci da masauki. Shi ya sa tikitin da za ka riƙe ya kamata ka yanke shawararsa tun kana gida. Guda huɗu ne masu yawo suka fi magana a kai, ni kuwa ban ɓoye nawa ba: Swiss Travel Pass.

Ana sayar da shi na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15 a jere. Cikin waɗannan kwanaki, jirgin ƙasa, motar bas ta ƙauye, jirgin ruwa na tafki da taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan cikin gari, duk shiga kawai za ka yi ka zauna. Gidajen tarihi sama da 500 ma da shi ake shiga, har da fadar Chillon da ke bakin tafkin Jeneba kusa da Montreux. Wanda bai kai shekara 25 ba yana samun ragi, yaro ɗan ƙasa da 16 kuma kyauta ne idan yana tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, muddin an karɓar masa katin iyali.

A Lavaux na ga amfaninsa da idona. Gonakin inabi ne hawa-hawa a jikin tudu tsakanin Lausanne da Montreux, an tare kowane hawa da ginin dutse, tafki na shimfiɗe a ƙasa; UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2007. Ni ba na shan giya, kallo da tattaki suka kai ni. Na tashi daga Saint-Saphorin da niyyar takawa har Lutry, tafiyar kilomita 11, sai hadari ya haɗo ina tsakiyar hanya. Na gangara tashar Cully, jirgin farko da ya tsaya na faɗa ciki da jakata a jiƙe, ban tsaya gaban na'urar sayar da tikiti ina lissafi da yatsu masu sanyi ba. Wannan sakewar ita nake biya wa kuɗi. Haka ma a Lucerne: jirgin ruwa zuwa Vitznau, daga nan jirgin hawa dutsen Rigi wanda ke aiki tun 1871, duk ba a ƙara mini ko sisi ba.

Yana da iyakarsa, kada a ce ban faɗa ba. Jirgin hawa dutsen Gornergrat daga garin Zermatt, inda ake tsayawa a kalli tsaunin Matterhorn, rabin kuɗi za ka cika. Jungfraujoch kuwa, wata tashar jirgi da ke can ƙololuwar duwatsu, kashi 25 cikin ɗari kawai yake ragewa a sashen hanyar na sama. Jirgin yawon buɗe ido na Glacier Express ma sai ka biya kuɗin kama kujera daban.

A nan ne Half Fare Card ke da bakin magana. Wata guda yake yi, yana raba kuɗin kusan kowace tafiya biyu, har da ta Jungfraujoch. Idan manyan duwatsu ka zo hawa kuma ba ka yawan sauya gari, zai iya fi maka arha, amma kowace tafiya sai ka sake sayen tikiti. Tikitin Eurail na mai ratsa ƙasashe da yawa ne, ba ya ɗaukar taram da bas na cikin gari. Tikitin ragi da ake kira Supersaver kuwa a ɗaure yake da jirgi guda da sa'a guda, ka makara ya tafi da kuɗinka.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. A zuwana na farko, wani mai kiran kansa wakilin tafiye-tafiye ne ya sayar mini da tikitin ta WhatsApp, ya ce yana da hanyar samun sa da arha. Ya turo takarda tsaf, da sunana, da jan tambari, da lambar da ake haskawa. Muna barin Zurik mai duba tikiti ta iso kaina, ta haska na'urarta sau biyu, ta karɓi fasfona ta duba, sannan ta ce a hankali wannan tikitin an soke shi. Na biya tara da kuɗin tafiya a gaban jama'a, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na nemi mutumin, ya riga ya toshe lambata.

Ga alama saye suke yi da gaske, su turo maka hoton, sannan su soke su karɓi kuɗinsu. Wasu kuma takardar wani suke gogewa su ɗora sunanka. Don haka duk wanda ya ce zai ba ka ƙasa da farashin da ke shafin SBB, kamfanin jiragen ƙasan ƙasar, ka tambaye shi daga ina ragin ya fito. Ka lura da adireshin shafin da kake sa lambar katinka, domin akwai masu kwaikwayon kala da tambari su sauya harafi ɗaya. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, rabu da shi. Sunan da ke kan tikitin kuma ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi, don tare ake duba su.

Irin waɗannan mutane su ne dai ke haɗa wa masu neman bizar Schengen takardar otal ta bogi da inshorar da babu ita, alhali ana buƙatar inshorar lafiya ta gaske mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000. Ofishin jakadanci na iya kiran otal ɗin ya tambaya, kuma sunanka ne zai ɓaci.

Ni yanzu sai biza ta fito nake saye, da katina, daga shafin SBB ko a kantar tashar jirgi da ke filin jirgin saman Zurik ko Jeneba. Ina ajiye shi a waya, in kuma buga kwafi a takarda in sa a aljihun saman jaka, saboda sanyin kan dutse yana saurin kashe batir.