Yadda ake koya wa mata fatsa da farauta a Wiskonsin

A jihar Wiskonsin ta Amurka, mace mai shekara 50 da ba ta taɓa riƙe ƙugiya ba za ta iya rubuta sunanta ta shiga aji, a zaunar da ita, a koya mata kamun kifi tun daga ɗaurin zare har zuwa gyaran abin da ta kama. Idan farauta take so, a ba ta aron bindiga da harsashi, a tsaya a bayanta har ta iya. Abin da ya ɗaure mini kai a irin wannan aji shi ne inda malamar ke farawa: kafin kowa ta taɓa harsashi, sai an gwada tsawon bindiga da tsawon hannun kowace ɗaliba, wadda ba ta yi mata daidai ba a canja mata wata. A nan na gane cewa abin da muke kira tsoro ko rashin ƙarfin mace sau da yawa kayan aiki ne da aka ƙera domin jikin wani, sai kuma rashin mai koyarwa.

Shirin da ya fi suna shi ne wanda suke kira BOW, gajeren sunan Becoming an Outdoors-Woman, wato shirin koya wa mata harkokin daji da ruwa. Farfesa Christine Thomas ta Jami'ar Wiskonsin da ke Stevens Point ta fara shi a 1991, bayan wani taro da aka yi a 1990 kan abin da ke hana mata shiga farauta da fatsa. Da aka jera dalilan, mafi yawansu sun koma ga abu ɗaya, wato babu inda mace za ta koya. Namiji yana tasowa yana bin uba ko kawu daji, 'yar uwarsa kuwa ana barin ta gida. Yau shirin ya bazu jihohi da yawa har da wasu lardunan Kanada. Yawanci daga Juma'a zuwa Lahadi ake yi, ga mata 'yan shekara 18 zuwa sama, ana raba darussa tsakanin harbi, kamun kifi, da sauran ilimin daji kamar tuƙa kwale-kwale da karanta taswira. Kayan aiki duk na aro ne. Ba a sa gasa tsakanin ɗalibai, kuma miji ko wa ba ya tsayawa a gefe yana gyara wa mace hannu, wanda shi ne ke sa da yawa su ajiye abin tun ranar farko.

Batun bindigar nan ya cancanci a tsaya a kansa. Bindigar harbin tsuntsu da ake sayarwa a kanti, daga kunama zuwa ƙarshen gindinta yakan kai inci 14 ko ɗan fiye, domin an auna ta da jikin namiji matsakaici. Mace mai gajeren hannu idan ta ɗauke ta, gindin ba ya zama a kwarmin kafaɗa, sai ya zame kan damtse. Nauyin bakin ya rinjaye ta, ta karkata baya don ta riƙe shi. Tana jan kunama shurin bindigar ya same ta inda babu tsoka mai kauri, kuncinta ya bugu, gobe ta tashi da tabo. Daga nan duk lokacin da za ta harba sai ta runtse ido ta fizgi kunama kafin lokaci, harbin ya kauce, kowa ya ce ai dama ba aikin mata ba ne. Maganin mai sauƙi ne: gindi mai inci 13 ko kusa da haka, roba mai laushi a ƙarshensa, ƙafar hagu a gaba ga mai harbi da dama, nauyin jiki ya ɗan rinjaya gaba, kunci ya manne da itacen. Sukan fara da ƙaramar bindiga mai lamba .22 wadda kusan ba ta shuri, sannan a koma mai lamba 20 maimakon mai lamba 12 da ta fi ta girma da shuri. Akwai kuskuren da mazaje masu kyakkyawar niyya ke yi a nan, su saya wa mace bindiga mafi rashin nauyi a kanti. Bindiga marar nauyi ta fi shuri idan harsashin iri ɗaya ne, don haka gara mai matsakaicin nauyi da harsashi mai sauƙin caji.

Ana kuma gwada ido. Kowa yana da idon da ya fi ɗaya iko, kuma ba lallai ya zama gefe ɗaya da hannun da yake aiki da shi ba. Mace za ta miƙe hannuwanta biyu, ta haɗa su ta bar 'yar kafa a tsakiya, ta hangi wani abu mai nisa ta cikin kafar da idanu biyu a buɗe, sannan ta janyo hannuwan a hankali zuwa fuska. Idon da kafar ta sauka a kansa shi ne mai iko. Idan mai hannun dama ce amma idon hagu ne ke jagora, za ta yi ta harbi gefe ba ta san dalili ba. Ko dai a koya mata harbi daga kafaɗar hagu tun farko, ko a manna ɗan salatif a gilashin kariya ta gefen idon da ke shiga sharo ba shanu. Toshin kunne da gilashi dole ne, domin ƙarar ma tana cikin abin da ke firgita sabon shiga.

Dokokin tsaro huɗu ne, ana haddace su kafin komai: a ɗauki kowace bindiga kamar tana da harsashi, kada bakinta ya taɓa kallon mutum, a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa, yatsa ya zauna wajen kunama sai lokacin harbi. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya yi kwas ɗin tsaro kafin a sayar masa lasisin farauta shi kaɗai. Wadda ba ta yi ba za ta iya fita da jagora mai lasisi, amma sai yana kusa da ita yadda hannunsa zai kai gare ta. Lokacin farautar barewa da bindiga kwana 9 ne a ƙarshen Nuwamba, kuma rabin tufafin mutum daga ƙugu zuwa sama dole ya zama ruwan lemu mai haske don kada a ɗauke shi dabba. A 2016 jihar ta halatta ruwan hoda mai haske ma. Ni wannan bai burge ni ba. Mata da yawa sun fi buƙatar takalmi da wando da safar hannu daidai jikinsu, kuma har yanzu sashen mata a kantin kayan daji ƙarami ne, kaya kaɗan, tsada kuwa ba a magana.

Ga 'yar uwa Musulma, hijabi ba ya hana komai. A sa ƙarami mai kama jiki, a cusa gefensa cikin riga don kada ya naɗe da gindin bindiga ko ƙugiya ta kama shi, a ɗora hula da falmaran masu launin da doka ta ce. A yi bisimilla lokacin sakin harsashi, idan an riski dabbar da rai a yanka ta. Yankan mace halal ne. Hadisin baiwar Ka'abu ɗan Malik da ta yanka tunkiya da dutse, Annabi (SAW) ya ce a ci, yana cikin Bukhari, amma a gida har kaza sai a aika a nemo ɗan yaro a waje ya yanka, uwar gida na tsaye da wuƙa a hannu. Wani abu kuma da masu ciki da masu ƙananan yara ya kamata su sani, harsashin dalma yana farfashewa cikin nama ƙanana-ƙanana yadda ido ba ya gani, shi ya sa da yawa suka koma na jan ƙarfe.

Fatsa ta fi sauƙin shiga, kuma a nan ne na fi jin kishi. Yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 16 ba ta buƙatar lasisi. Babba mazaunin jiha yana biyan dala 20 a shekara, wanda zai saya karon farko dala 5. Sau biyu a shekara, a Yuni da Janairu, akwai Asabar da Lahadin da kowa ke kamun kifi ba lasisi. Hukumar kula da albarkatun ƙasa tana da wuraren da take ba da aron sandar fatsa kyauta. Kuɗin ba daga sama yake faɗowa ba: tun 1937 akwai dokar tarayya da ta sa haraji kan bindigogi da harsasai, a 1950 aka yi makamanciyarta kan kayan kamun kifi, kuɗin kuma yana komawa jihohi domin kula da dabbobi, ruwaye da koyarwa. Duk macen da ta koya ta sayi lasisi ta ƙara musu kuɗin shiga, shi ya sa suke nemanta da gaske.

Yarinya 'yar shekara 6 ko 7 ana ba ta sanda mai tsawon ƙafa 5 zuwa 5 da rabi, da kwarkwaron zare mai maɓalli ɗaya da ake dannawa da babban yatsa, zare mai ɗaukar laba 6, ƙugiya lamba 8 ko 6, ɗan ƙwayar nauyi guda a taki ɗaya sama da ƙugiya, sai 'yar ƙwallon da ke tasowa kan ruwa kamar ƙafa 2 sama. Kafin a je ruwa, a kan ciyawa take koyon jifa, da guntun roba a bakin zaren maimakon ƙugiya. Ta danna maɓalli ta riƙe, ta kai sanda baya, ta kawo gaba, ta saki lokacin da sandar ta ɗan wuce saitin kanta. Ta saki da wuri ya tafi sama, ta makara ya faɗi gaban ƙafarta. Ɗaurin ƙugiya kuwa, a zura zare ta ido, a murɗa shi sau 5 a jikin kansa, a dawo da bakin ta 'yar kafar da ke kusa da idon, a sake zura shi ta babbar kafar da ta samu, a jiƙa da yawu sannan a ja. Idan aka ja a bushe, zafin gogayya yana raunana zaren, ya tsinke daidai lokacin da kifi mai nauyi ya kama. A matse ƙayar ƙugiyar da filaya, don idan ta shiga yatsa ko mayafi ta fita ba wahala. Tsutsar da ake tonowa a ƙasa mai laima ita ce abincin, kuma guntu ake sawa, domin idan aka sa ta duka kifi zai tsotse jelar ya bar ƙugiya. Ana fara yara da wani ƙaramin kifi mai faɗi da ake kira bulugil, wanda a ido ya yi kama da karfasa, saboda yana da yawa kusa da gaɓa kuma yana kamawa da sauri. Awa ɗaya ta isa a fitar farko. Yarinyar da aka tsare yini guda a rana tana jiran babban kifi ba za ta sake cewa a kai ta ba.

Akwai abin da har yanzu ba ya shiga raina. Mutum ya kama kifi mai kyau ya ɗauki hoto ya mayar ruwa. Wanda suka riƙe ma, gefe biyu kawai suke yankewa, kai da ƙashi su tafi shara, ni kuwa ina kallon farfesun da ya salwanta ina tuna ƙamshin banda. Littafin dokokin ma yana gajiyarwa, wani tafkin nasa girman kifin da za a riƙe daban, adadin da za a ɗauka daban. Ga gargaɗin da ba mu saba ji ba: saboda gubar makuri, wato zaiba, da ke taruwa a jikin manyan kifaye masu cin 'yan uwansu, ana shawartar matan da ke cikin shekarun haihuwa da yara 'yan ƙasa da 15 su ci ƙananan kifi irin bulugil sau ɗaya a mako, manyan kifaye sau ɗaya a wata, wani babban kifi da ake kira maski kuwa kada su ci sam. Sanyi kuwa sai wanda ya gani. Masu fatsa a kan daskararren tafki ba sa taka shi sai kaurin ƙanƙarar ya kai inci 4.

Ba ina cewa a raba wa 'yan mata bindiga a gida Najeriya ba. Halin da dazuzzukanmu ke ciki kowa ya sani, ko mafarautan gado a tsorace suke shiga. Maganata kan ruwa ce. Daga Yawuri zuwa Nguru zuwa bakin Tafkin Chadi, mace ce ke fasa cikin kifi, ta wanke, ta yi banda, ta soya, ta kai kasuwa. Ta san tarwaɗa da giwan ruwa fiye da duk wata malamar da ke Wiskonsin. Amma kamun da kansa, inda ribar farko take, an rufe mata, sai ta saya a hannun wani kafin ta taɓa. Ku dubi hotunan gasar Argungu, dubban masu homa da gora, maza ne zalla. Idan mai gidan masunci ya rasu ya bar 'ya'ya mata, taru da kwale-kwale sai a sayar.

Mafi ciwo shi ne iyo. A Wiskonsin darasin farko na duk wadda za ta hau kwale-kwale shi ne rigar kariya daga nutsewa, a ɗaure ta tam, a kama kafaɗun a ja sama, idan ta wuce haɓa ko kunne ta yi yawa, domin a ruwa za ta zame ta bar mai ita. Mu kuwa mun ga haɗarin jirgi a Wara ta jihar Kebbi a 2021, mun ga na Bagwai a Kano a shekarar, kuma a irin waɗannan haɗura mata da yara ne suka fi tafiya, saboda namiji ya koyi iyo a rafi tun yana ƙarami, ita kuma an ce kunya. Sarkin ruwa a kowane gari zai iya ware gaɓa guda marar zurfi da rana guda a mako, mata manya da suka iya su koya wa 'yan mata iyo da tufafinsu a jiki, ba namiji a wurin. Sandar fatsa ta gora, zare da ƙugiya goma ba su kai kuɗin atamfa ɗaya ba. Ƙungiyoyin mata masu banda su suka fi dacewa su fara, domin su ke da 'ya'yan, su ke bakin ruwan, kuma za su iya sayen rigunan kariya biyar ko shida da kuɗin adashe a riƙa karɓa-karɓa.