Kwana bakwai a mota mai ɗaki a arewacin Sikotilan: yadda na ga kamfanin da ya ba mu haya

A watan Yunin da ya wuce na kai iyali ziyara wurin ƙanena da ke aiki a Aberdeen, wani birni a Sikotilan da ke arewacin Birtaniya, shi ne ya kawo shawarar mu yi hayar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a cikinta, mu zaga hanyar da suke kira North Coast 500. Hanyar mil 516 ce, tana tashi daga Inverness ta bi bakin teku ta sake dawowa can, kuma a 2015 aka fara tallata ta da wannan suna. Mun ɗauki motar a wani ƙaramin kamfani na miji da mata a bayan garin Inverness, ƙirar Fiat Ducato mai gadon mutum shida. Mu biyar ne: ni, uwargida, yara biyu da ƙanen nawa.

Zancen lasisi zan fara da shi, don a nan ne tafiyar mutum kan lalace tun bai tada mota ba. A Birtaniya baƙo yana iya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsu har tsawon wata 12 daga ranar da ya shigo, muddin nauyinta da kayanta bai haura kilo 3,500 ba. Abin da ya wuce haka, zuwa kilo 7,500, sai mai lasisi ajin C1 na can. Ni da na zo ziyara na samu damar tuƙi da lasisin da hukumar kiyaye haɗurra ta ba ni a gida, amma ƙanena da ya shekara uku a can bai samu ba, saboda wa'adinsa ya wuce, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu da na Birtaniya, sai ya ci jarrabawar tuƙinsu. Don haka tuƙin gaba ɗaya a kaina ya faɗa. A duba ajin da ke jikin katin ma: ajin B namu na motar da ba ta kai tan 3 ba ne. Nawa D ne tun lokacin da nake ɗauko wa shagonmu kaya, shi ya sa ban samu tangarɗa ba.

Kamfanin ya kyauta a nan. Tun kafin in biya ko sisi, matar ta nemi in turo hoton lasisin gaba da baya, ta miƙa wa masu inshorarsu, bayan kwana biyu ta amsa min ta imel cewa sun amince. Inda suka gaza shi ne ba su faɗa min cewa mai lasisin waje kuɗin jinginarsa ya fi na ɗan ƙasa ba, sai da muka tsaya a gaban kanta da jakunkunanmu. Katin naira bai yi aiki ba, Allah ya sa ina da na asusun dala. An mayar min da kuɗin cif-cif mako ɗaya bayan mun dawo, amma irin wannan magana tun ranar farko ya kamata a yi ta.

Mijin ya shafe kusan awa guda yana nuna mana komai: yadda ake kunna hita, buɗe tukunyar gas, jona wayar lantarki a filin kwana, da tsayin motar da suka manna a gaban sitiyari saboda gadoji masu ƙasa-ƙasa. Motar tsaf take, ba wari, firji yana sanyi, an sa wa ƙaramarmu kujerar yara, domin dokarsu ta tilasta ta har yaro ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135. Tukwane da kasko dai namu muka ɗauko daga gidan ƙanena, tunda ba mu san abin da na baya suka soya a nasu ba.

Abin da babu wanda ya lissafa mana shi ne ruwa. Lissafin kamfanin na Bature ne mai amfani da takarda a banɗaki, ya ce tankin zai kai mu kwana uku. Mu kuwa masu buta ne. Tsarki, alwalar mutum biyar, wankin kwanuka, kafin azahar ta rana ta biyu tanki ya yi ƙasa, akwatin banɗaki kuma ya cika. Wannan akwatin jawo shi ake yi ta wata ƙaramar ƙofa a waje, a kai shi ramin da aka keɓe a filin kwana a juye, ba a zubar da shi a daji ko a kwata, kuma mutanen ƙauyukan nan sun gaji da baƙin da ke yin haka. Daga ranar muka sauya tsari: kowane dare a filin kwana na kuɗi mai famfo da banɗaki, alwala a waje da buta, na cikin mota kuma na yara ne da lalurar dare. Ko ba don ruwa ba, dokar 2003 da ta ba mutane damar yawo da kafa tanti a filayen Sikotilan ba ta haɗa da abin hawa ba.

Tuƙi ta hagu ake yi, hannun da Najeriya ta bari a Afrilun 1972. Shataletale ne ya fi ɗaukar hankalina a ranar farko. Yamma da arewa, wajen Durness da gadar Kylesku, hanya kan zama ta mota ɗaya, da ɗan fili jifa-jifa inda ake kauce wa juna. Idan filin yana hagunka ka shiga, idan yana dama ka tsaya daura da shi, kuma idan motoci sun taru a bayanka ka ba su hanya, don ba kowa ke hutu ba. Dole mutum ya iya ribas da madubi kaɗai. Mai kamfanin ya hana mu hawa Bealach na Bà, hanyar dutsen da ke kaiwa Applecross a tsayin mita 626, kuma da na ga allon gargaɗin da ke gindinta na gode masa. Tumaki na kwanciya a tsakiyar titi. Gidajen mai suna da nisa tsakani, don haka da dizal ya kai rabi nake cikawa.

Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, kafin biyar na asuba kuma ta fito, sai muka riƙa yin ƙasaru muna haɗa magariba da isha'i. Labulen motar masu kauri ne, sun taimaka wa yara barci. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ba su kai sauro girma ba, suna fitowa da yamma idan iska ta kwanta, kuma ragar taga ɗaya a yage take, na nuna wa matar da muka dawo ta rubuta.

Zan sake ɗaukar mota a wurinsu idan Allah ya maimaita, amma ƙarama, kuma sai ƙanena ya ci jarrabawarsa mu riƙa karɓa-karɓa. A Dunnet Head, ƙarshen arewacin babban tsibirin Birtaniya, muka yi la'asar a gefen motar, uwargida ta danne gefen darduma da jarkar ruwa saboda iska.