Wahoo Kickr Core: ra'ayin mai shirin Ironman daga Abuja

Idan kana zaune a Abuja, kana aikin ofis Litinin zuwa Juma'a, kuma ka ɗaura aniyar shiga gasar Ironman, Wahoo Kickr Core, na'urar da ake ɗora keke a kanta a yi atisayen tuƙi a cikin ɗaki, ta ci kuɗinta. Sai dai farashin da ke jikin kwalin somin taɓi ne, akwai sayayya a bayansa, kuma akwai abubuwan da ko ka shekara a kanta ba za ta koya maka ba.

Ga wanda bai san gasar ba, wasa uku ne a yini ɗaya. Za ka yi iyo na kilomita 3.8 a teku ko tafki, ka fito ka hau keke kilomita 180, ka sauka ka yi gudun famfalaki na kilomita 42.2, kuma a yawancin wurare awa 17 aka ba ka ka gama. A Hawaii aka fara ta a 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Wadda nake wa shiri ita ce ta Gqeberha a Afirka ta Kudu, garin da a da ake kira Port Elizabeth. Irina da ba ƙwararre ba, keken kaɗai zai cinye masa awa shida zuwa bakwai, saboda haka kusan rabin atisayen mako a kan sirdi yake ƙarewa.

A nan gizo ke saƙa. Titunan Abuja suna da faɗi da kyau, amma lokacin da ma'aikaci ke da shi a ranakun aiki shi ne bayan asuba ko bayan isha'i, kuma duk wanda ya taɓa jin iskar tirela ta kaɗa shi a hanyar Kubwa cikin duhu ba ya buƙatar a yi masa wa'azi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga hazo, ka dawo maƙogwaro na ƙaiƙayi. Maris da Afrilu kuma rana ce mai dafa ƙwaƙwalwa. Abin da ya rage shi ne fitar safiyar Asabar tare da abokan keke, kuma rana ɗaya a mako ba ta kai mutum kilomita 180.

Ita na'urar, cire tayar baya ake yi a ɗora keken a kanta, sarƙar ta hau haƙoran giyar da ke jikinta. A jikinta akwai faifan ƙarfe mai nauyin kilo 5.4 da maganaɗisun lantarki da ke ƙara wa feda nauyi ko ya rage. Tana auna ƙarfin da ƙafarka ke fitarwa da ma'aunin wat, ta tura lambobin zuwa wayar hannunka, kamfanin ya ce kuskurenta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Tana jure wat 1,800, tana kwaikwayon hawa mai tsayin kashi 16 cikin 100. Ni dai ban taɓa kusantar ko rabin wat 1,800 ba, kuma mai shirin Ironman bai da abin yi da shi. Da ta fito a 2018 kusan dala 900 ake sayar da ita, daga baya ta sauko wajen dala 500. Tawa wani ƙanena ne ya taho mini da ita daga Ingila. Nauyinta kilo 18 ne, da kwali ta kusa cinye masa jaka guda ta kilo 23, har yau yana yi mini gori. Ba ta da mariƙi, don haka ka zaɓi inda za ta zauna tun farko, ɗaukarta daga ɗaki zuwa ɗaki wahala ce.

Irin wadda na saya ba ta zuwa da jerin haƙoran giya na baya, sai ka saya daban, daidai da na kekenka: mai giya 11 ya nemi mai 11. Na kira mai gyaran keken da nake hulɗa da shi ya zo gida. Bai da ƙarfen da ake riƙe haƙoran da shi, sai ya naɗe guntun tsohuwar sarƙa a kai, ya danne da tsumma, ya ɗaure goron tam. Da muka ɗora keken ya ja da baya ya ƙare masa kallo.

"Yallaɓai, to yanzu ta ina zai fita?"

Na ce, "Malam, ai ba inda za shi."

Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba da sa'a, amma shi a saninsa keke don zuwa wani wuri aka yi shi.

Abin da ya sa na ce ta ci kuɗinta tsari ɗaya ne, wanda ake kira ERG. Kai za ka gaya mata wat nawa kake so, ita kuma ta riƙe ka a nan, ko ka sauya giya ko ba ka sauya ba. Da farko sai ka gwada kanka: ka tuƙa iya ƙarfinka na minti 20, ka ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin abin da ka fitar, wannan shi ne ma'aunin da ake gina duk atisayen a kansa. Nawa ya fara ne ƙasa kaɗan da wat 200. Ranar gasa, ana shawartar irinmu mu tsaya wajen kashi 70 cikin 100 na wannan ma'auni, don a bar wa ƙafa abin da za ta yi gudu da shi. Wannan shi ne darasin da ya fi wuya, domin kashi 70 a awar farko ji za ka yi kamar wasa kake, zuciya na ta zuga ka ka ƙara. A titi, da aboki ya wuce ka sai ka bi shi. A nan ba mai wuce ka, kuma na'urar ba ta san zuga ba. Sannu a hankali ƙafata ta haddace yadda wannan nauyin yake, har ina iya faɗin wat ɗin ban duba waya ba.

Ribar lokaci ma ba kaɗan ba ce. Awa ɗaya a kanta awa ɗaya ce cif, ba tsayawa a danja, ba gangaren da za ka saki feda ka huta. Ina dawowa daga masallaci da asuba in hau, kafin bakwai na yi wanka. Talata da Alhamis gajere mai zafi nake yi, misali minti 12 sau uku dab da ma'aunina, da hutun minti biyar a tsakani.

Tsarin yana da tarko guda. Tunda wat ɗin take karewa, in ka gaji juyin ƙafarka ya ragu, sai ta ƙara nauyi don lissafi ya cika. Nauyin ya ƙara rage maka juyi, ta sake ƙarawa, kamar tuƙin tuwon da ya fara kauri, har fedar ta cije. Maganinsa ka riƙe juyi 85 zuwa 90 a minti, in kuma ya kufce maka ka tsaya cak na ɗan lokaci, za ta saki.

Ƙara ba ta da shi sosai. Sarƙar keken da fanka sun fi ta surutu, yara na barci a ɗakin da ke kusa ba sa farkawa.

Yanzu maganar wuta, wadda masu sharhin ƙasashen waje ba sa ko ambata saboda ba ta dame su ba. Na'urar nan sai da lantarki. Da an ɗauke wuta nauyin fedar zai zube, lambobin su ɓace daga waya, kana tsakiyar zagaye mai zafi sai ka ji ƙafa na juya iska. Abin daɗin shi ne ba ta cin wuta. Volt 12 take sha ta ɗan akwatin da ke jikin igiyar wutarta, don haka ƙaramar inbata ko irin batirin da ake sa wa kwamfutar ofis ya ishe ta. Ni a kan irin wannan batirin na jona ta, wanda kuma ke kare ta daga wutar da ke dawowa da ƙarfi. Ka sa wannan cikin lissafinka tun kafin ka saya. Akwai wata na'urar irinta, Tacx Neo, da ke samar wa kanta wuta daga tuƙinka, tana aiki ko ba a jona ta ba, amma kuɗinta ya ninka na wannan, kuma ko ita ba za ta juya maka fanka ba.

Fankar kuwa ita ce rabin atisayen. Jikin ɗan Adam, cikin ƙarfin da yake ƙonawa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa feda, sauran zafi yake zama. A titi iska na kwashe shi. A ɗaki ba mai kwashewa, sai bugun zuciya ya yi ta hawa alhali wat ɗin bai motsa ba. Fankar sama ba ta wadatarwa. Babbar fanka ta tsaye nake sawa dab da tayar gaba tana dukan ƙirji, da ƙarama mai caji a gefe saboda ɗaukewar wuta. Duk da haka gumi zuba yake yi daga haɓa da gwiwar hannu, ɗis ɗis a kan ƙarfen, har ya taru a ƙasa. Gumin nan gishiri ne, yana cin kusoshin kan keke da ƙwallayen da ke cikin wuyansa. Tawul a kan kan keken, shimfiɗar roba a ƙasa, sannan a goge da ɗanyen tsumma duk ranar da aka hau. Uwargida ta kafa dokarta tun makon farko, ta ce, "Maigida, ɗakin nan naka ne, amma tawul ɗin nan kada ya kwana a ciki."

A watan azumi ne na fi gode wa Allah da na saye ta. Da rana ba na taɓa ta. Bayan tarawihi, abincin buɗa-baki ya ɗan faɗa, sai in yi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sassauce, gorar ruwa biyu a gefe. Da titi ne, ƙarfe goman dare ba inda zan je. Ƙarfi bai ƙaru a watan ba, amma bai zube ba, kuma abin da nake nema ke nan.

Manhaja zaɓi ne. Ta kamfanin kyauta ce, kuma ta isa ka saita wat ka tuƙa. Zwift tana saka ka cikin duniyar zane tare da mahaya daga ko'ina, tana kashe kaɗaici, amma kusan dala 20 ce duk wata, kuma tana son intanet mai tsayawa. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, ita nake buɗewa in zan daɗe. Gaskiya dai, bayan awa uku ba manhajar da ke hana gundura. Tunda keken a kafe yake, ba ya karkata hagu da dama, duk nauyinka a wuri ɗaya yake sauka, mazaunai su fara kuka tun kafin ƙafa. Ina miƙewa tsaye a kan feda duk bayan minti goma ko sha biyar, kuma wando mai kyau ya fi kowace dabara.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne koyon ci. A gasa mai tsawon nan ana son mutum ya riƙa shigar da giram 60 zuwa 90 na abinci mai ba da kuzari duk awa, kuma ciki sai an horar da shi. A ɗaki, da tebur kusa da kai da banɗaki a bayan ƙofa, za ka gwada komai ba fargaba. Na gano dabino mai laushi yana zauna mini lafiya, busasshe kuwa tauna shi ana haki azaba ce. Zuma a ruwa da ɗan gishiri ta fi mini yawancin abin leda da ake shigowa da shi. Haka kuma sauka daga keke a shiga gudu nan take: takalmi na bakin ƙofa, cikin minti biyu ina waje, ƙafafu sun yi nauyi, mai gadi na ce mini, "Sannu Alhaji, yau ma an dawo daga tafiyar?"

Abin da ba za ta ba ka ba shi ne titi. Gqeberha ta yi suna wajen iska, kuma a Ironman an hana laɓewa a bayan wani, dole ka bar tazarar mita 12, iskar taka ce kai kaɗai. Fanka ba ta ture keke gefe. Ba za ka koyi shan kwana a guje ba, ko riƙe birki a gangare, ko miƙa hannu ka cafki gorar ruwa kana tafiya, ko canza tayar da ta yi faci hannu na rawa. Kwanciya a kan sandunan gaba da gwiwar hannu a ɗaki abu ne mai sauƙi, a titi kuwa ramin farko zai nuna maka bambanci. Na ga mutanen da lambobinsu suka fi nawa nesa, amma in mun fita sai ka ga kafaɗa a sandare, suna tsoron sakin hannu ɗaya. Saboda haka doguwar tafiyar Asabar tana nan a titi, sai in ruwan sama ko hazo ya hana.

Wanda yake zaune inda akwai hanya shiru kusa da gida, kuma yana da sararin fita da hantsi, ya ajiye kuɗinsa ya sayi ma'aunin wat na jikin feda, zai yi masa aiki a atisaye da ranar gasa duka. Wanda kuma keken motsa jiki kawai yake so, akwai masu araha da tayar baya ke gurzar ƙarfe, sai dai suna cin taya kuma suna da ƙara.

In ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka ɗora kekenka ka tuƙa na minti goma. Ka saurara ko akwai ƙwanƙwasa daga wajen faifan, ka tabbata wayarka ta gan ta ta Bluetooth kuma nauyin na sauyawa in ka sauya wat. Ka ƙirga ƙananan ƙarafan da ke daidaita ta da faɗin bayan keke, na milimita 130 da 135 da 142 da 148, domin su ne suka fi ɓacewa a hannun mai ita na farko, kuma samunsu a nan sai an yi odar su daga waje.