Doguwar riga da kwat, ko riga da siket na lilin?

'Yar'uwa, tsakanin doguwar riga mai duhu da ƙaramin kwat a kai, da riga da siket na lilin masu haske da kika ce kina shawarar sa wa zuwa taron wajen aikinku, ɗauki ta farko ki huta.

Tawa shuɗiya ce mai duhu, yadinta haɗin poliyesta da biskos (wani zare mai laushi kamar siliki), da ɗan zaren roba da ke sa ta miƙewa. Ba wani ado a jikinta, amma ta rufa mini asiri ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da zan gabatar da rahoto gaban shugabanninmu, na gama shiri tsaf, na ɗauki autana zan miƙa shi wajen reno, sai ya yi mini tumbuɗi a kafaɗa har ya gangaro baya. Tsumma na jiƙa da ruwan sanyi na goge, kafin na isa ofis wurin ya bushe, na ɗora kwat na shiga. Har aka tashi babu wanda ya lura. Ruwan sanyi fa na ce, domin na zafi dafa nonon yake yi a cikin zaren, tabon ya zauna daram.

Dabarar duk a kwat ɗin take. Ba ya hawa jikina sai na rabu da yara. Yana rataye a hanga, ko a ninke a hannu, rigar ciki ita ke shan runguma da majina da hannun da aka gama cin abinci ba a wanke ba. Ga shi launi mai duhu yana ɓoye lema, poliyesta kuma ba ya shan ruwa sosai, shi ya sa yake saurin bushewa, bai cika yamutsewa ba. Idan na wanke ta da dare na shanya a hanga, da safe sau da yawa ko guga ba ta nema. In ta nema, sai ki duba 'yar takardar da ke wuyanta: ɗigo ɗaya a hoton dutsen guga zafin kusan digiri 110 ne, biyu kusan 150, uku kusan 200. Kada ki wuce abin da aka rubuta, don yadin roba ƙyalli yake yi idan wuta ta yi masa yawa, kuma ba ya gyaruwa.

Poliyesta yana da nasa halin, ba zan ɓoye miki ba. Maiƙo yana kama shi, sai kin ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa a wurin kafin wanki. Idan kuma poliyesta ne zalla, zai riƙe miki zufa da wari a ɗakin da ba iska, don haka ki nemi mai haɗi.

Lilin kuwa, to, yana da sanyi a jiki, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Zarensa ba ya komawa idan ya lanƙwashe, ki ɗaura bel a mota ki sunkuya ki ɗaure wa yaro takalmi, kin isa taro kamar wadda ta kwana da kayan. Nawa na nan a rataye, sai ranar da ba ni da yaro a hannu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, musamman na intanet. Rigar da kike gani ta zauna cif a hoto, sau da yawa an matse ta ne da fil ta baya, launin ma an gyara shi. Ki ce a turo miki bidiyo a hasken rana, da hoton takardar wuya, ki kuma ji ko ana karɓar kaya in an dawo da su kafin ki tura ko sisi. Wasu za su rantse miki kwat ɗin ulu ne zalla alhali roba ce. In kin samu zare ɗaya daga cikin ɗinki, ki kusantar da shi ga ashana: ulu ƙaurin gashi yake yi, auduga da lilin ƙaurin takarda su bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. In a shago kike, ki damƙe gefen yadin a tafin hannu na ɗan lokaci ki saki, wanda ya fito da layi-layi ki ajiye musu abinsu.

Wajen gwada kwat, kafaɗa za ki fara dubawa. Tela zai rage miki tsawon hannu cikin sauƙi, amma kafaɗar da ta yi faɗi aiki ne babba, ba kowane tela ke iya shi ba. Ki ɗaga hannuwanki kamar za ki ɗauki yaro, in ya ɗaure ki a baya ki ƙara lamba ɗaya. Idan har yanzu kina shayarwa, rigar ta zama mai zif ko maɓalli ta gaba.