Ofishin akanta a Sabon Gari da rangwamen harajin yara na Amurka

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan gini a Sabon Garin Zariya, kuma ba don wani abokin aikina na Samaru ya kwatanta mini shi ba, da ban taɓa sanin akwai mai cike takardun harajin Amurka a garin nan ba. Na yi shekara goma sha biyu a Amurka, na sami takardar zama ɗan ƙasa, an haifa mini 'ya'ya biyu, sannan na dawo gida a 2022. Dokar Amurka kuwa tana bin ɗan ƙasarta da bayanin kuɗin shiga duk inda yake zaune, don haka kowace shekara nakan cike fom 1040, takardar bayanin harajin shekara, da kaina, ban biya komai ba, ban kuma karɓi ko sisi ba.

Akantan, wanda ya haura shekara hamsin, bai fara da maganar kuɗin aiki ba. Ya karɓi takardun shekarun baya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Malam, kai da hannunka ka rufe wa kanka ƙofa.” Abin da yake nufi shi ne fom 2555, wanda mazauna ƙetare ke cikewa don a cire albashinsu na waje daga lissafin haraji. Duk wanda ya cike shi ba ya samun kason rangwamen harajin yara da IRS, hukumar harajin Amurka, ke mayarwa a matsayin tsabar kuɗi. Ni kuwa ban ma buƙace shi ba tun farko, domin albashina idan aka juya shi zuwa dala bai kai inda haraji zai hau kansa ba.

A nan ne na ga gwanintarsa, domin ya zauna ya yi mini lissafin a takarda kamar mai koyar da ɗan firamare. A shekarar haraji ta 2024 rangwamen dala 2,000 ne kan kowane yaro da bai cika shekara 17 ba, amma abin da za a iya mayarwa bai wuce dala 1,700 ba, kuma shi ma kashi 15 cikin ɗari ne na abin da mutum ya samu da guminsa sama da dala 2,500. Da albashin kusan dala 12,000, rabona dala 1,425 ne kacal, ba 3,400 na yara biyu da na riga na kashe a zuciyata ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa wanda ya janye daga tsarin fom 2555 ba zai koma masa ba sai bayan shekara biyar, in ba da izinin hukumar ba, ya ce in kwana a kan shawarar kafin in sa hannu.

Ina zaune wani dattijo ya shigo da hotunan jikokinsa, wai ya ji Amurka na biyan kuɗin yara. Akantan ya ce masa, “Baba, sai yaron da ke da lambar Social Security, wato lambar shaida ta gwamnatin Amurka, wanda kuma ya zauna tare da mai nema fiye da rabin shekara.” Bai karɓi ko naira ɗaya a hannunsa ba, ya rako shi har bakin matakala.

Aibin wurin ma ba ƙarami ba ne. Kwafin fasfon mutane da takardun haihuwar 'ya'yansu a barbaje suke kan tebur, duk mai shigowa yana iya karantawa, kuma da na yi magana sai yaron ofishin ya ɗora musu jarida kawai. Aikin da aka ce na mako guda ya ɗauki mako uku, da uzurin wuta da intanet, waya kuma ba a cika ɗauka ba. Sai a ranar ƙarshe aka gaya mini IRS ba ta tura kuɗi kai tsaye zuwa bankunan Najeriya, abin da ya kamata a faɗa tun ranar farko. Na yi sa'a tsohon asusuna na can yana aiki.

Zan koma wurinsa a kan takardun 2025, shekarar da rangwamen ya tashi zuwa dala 2,200, amma zan fita da kwafin fasfon 'ya'yana a hannuna.