Wake da shinkafa a gindin Sulaimaniyya: inda na ci abinci mai sauƙin kuɗi a unguwar Jami'ar Istanbul

Na yi kwana tara a Istanbul cikin watan Nuwamba, na raka yayana wanda ke zuwa saro kayan sawa a Laleli, kuma tun daren farko na gane cewa abinci ne zai cinye mana guzuri idan ba mu yi hattara ba. Masaukinmu yana ƙasa kaɗan da babban titin da taragon lantarki yake bi, wato layin T1 wanda ya ratsa Aksarai da Laleli da Bayazid ya gangara Sultan Ahmad. Yaya ya kwanta da wuri, ni kuwa yunwa ta fito da ni bakin titin, inda wani saurayi da ke tsaye a ƙofar wani gidan abinci ya tare ni da "Haji, Haji", ya miƙo mini littafin abinci mai cike da hotuna. Kafin in gama zaɓa an jera mini ƙananan faranta uku da burodi mai kumburi da gorar ruwa, na ɗauka karramawar baƙo ce, na sa hannu. Da lissafi ya zo sai ga kowane faranti da kuɗinsa, har da wani ƙari da aka ce na zaman tebur ne. Da na ba Yaya labari da safe, dariya ya yi ya ce, "Malam, duk wanda ya kira ka Haji a bakin titin nan, aljihunka yake gaisarwa."

Shi Yaya ya saba cin abincinsa a wuraren 'yan Afirka da ke lungunan Aksarai da Kumkafi, inda ake samun tuwo da miya, amma abincin can ba shi da araha, domin yawancin kayan miyar daga gida ake ɗauko su. Ni kuma na ga rashin dacewar a ce mutum ya keta hazo ya zo Turkiyya ya koma bai san abin da mutanen garin suke ci da rana ba. Saboda haka a sauran kwanakin, duk lokacin da ya shiga shaguna yana ciniki, sai in haura tudu wajen jami'a.

Jami'ar Istanbul ta mamaye tsakiyar wannan yanki. Babbar ƙofarta tana kallon dandalin Bayazid, ginin da ke cikin harabar shi ne tsohuwar ma'aikatar yaƙi ta Daular Usmaniyya, kuma daga ko'ina mutum yana hango hasumiyar da aka gina a 1828 don gadin gobara, mai tsawon mita 85. Jami'ar tana danganta asalinta da shekarar 1453, amma a 1933 ne aka sake mata fasali ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. Tsangayar adabi tana Laleli a bakin titin taragon, ga Babbar Kasuwa mai rufi a gefe guda, ga kasuwar littattafai a jikin masallacin Bayazid. Wannan cakuɗar ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa da 'yan dako da masu yawon buɗe ido ita ta sa ake samun farashi iri biyu a unguwa ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar minti goma ba.

An sha ba matafiyi shawarar ya bi ɗalibai idan yana neman araha, amma a nan na tarar shawarar rabin gaskiya ce. Ɗaliban suna da ɗakin cin abinci a cikin jami'a wanda ake sassauta musu kuɗinsa, kuma baƙo ba ya cikin waɗanda aka yi wa wannan tanadi. Idan sun fito waje, galibinsu wuraren shayi suke cikawa, su sayi gasasshen burodi mai cuku ko simit, wato burodin nan mai kama da gammo wanda aka barbaɗe da riɗi, su zauna awa biyu suna hira a kan ƙaramin kofi ɗaya. Wanda ya bi su zai sami abin taɓawa da kuɗi kaɗan, amma ba zai ƙoshi ba. Waɗanda suka kai ni ga abinci na gaske su ne ma'aikatan jami'ar da masu shaguna, mutanen da ke fitowa da ƙarfe goma sha biyu da rabi suna sauri, ba sa duba allon kowa, su kutsa wani lungu kamar masu komawa gida.

Irin gidan da suke shiga ana kiransa esnaf lokantasi, ma'anarsa gidan abincin masu sana'a. Tsarinsa ɗaya ne kusan a ko'ina: da shigarka za ka tarar da kanta mai gilashi, an jera manyan tasoshin ƙarfe a kan ruwan zafi, mai dafawa yana tsaye da ludayi. Ba ka buƙatar jin Turkanci, yatsa ya isa. A wanda na fi zuwa, wani ɗan ƙaramin gida mai tebur takwas a lungunan da ke tsakanin unguwar Bezneciler da bangon jami'a, na ga miyar adas, wani irin wake 'yan ƙanana, da suke kira marjimek, da alayyahu da niƙaƙƙen nama, da kuɓewa 'yan ƙanana da aka dafa da tumatir ba tare da ta yi yauƙi ba, da baƙin yalo da aka tsaga cikinsa aka cika shi da nama, da kaza da dankali, da shinkafa fara da kuma ɓarzajjen alkama. Burodi yana kan tebur a cikin kwando, kuma a can ba a lissafa mini shi ba ko sau ɗaya. Kalma ɗaya da na koya ta rage mini kashe kuɗi fiye da duk wata dabara, ita ce "az", wato kaɗan. Idan ka ce "az" ka nuna tasa, za a zuba maka ƙasa da cikakken faranti a kuma rage kuɗin, ta haka mutum zai ɗanɗana abu uku da kuɗin da bai kai na faranti biyu ba. Miya da abincin ganye su suka fi araha, duk abin da nama ya yi yawa a cikinsa kuwa yana iya ninka kuɗinsu, don haka ya kyautu mutum ya tambaya kafin ludayi ya sauka.

Abincin irin wannan gida na tukunya ne, tun safe aka ɗora shi, kuma yana da lokaci. Daga sha biyu zuwa biyu yake kan ganiyarsa. Ranar da na makara sai bayan la'asar na je, na tarar rabin tasoshin an wanke su, abin da ya rage kuma ya fara bushewa a gefe, mai ya taso sama.

Wurin da ya fi kwanta mini a rai dai yana bayan jami'ar. Idan mutum ya bi jikin bangon harabar daga dandalin Bayazid ya yi arewa, zai ɓulla a gaban masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Ba masallaci kaɗai aka gina ba, har da makarantu da asibiti da ɗakin girkin da ake ciyar da mabukata, kuma a jikin tsofaffin makarantun, inda ɗakin karatun nan mai tarin rubuce-rubucen hannu yake a yau, akwai jerin shaguna masu kallon katangar masallacin. Da dama daga cikinsu abu ɗaya suka shahara da shi, wato kuru fasulye, farin wake da aka dafa cikin romon tumatir da man shanu. Wanda ya fi suna shi ne Erzincanlı Ali Baba, wanda allonsa ke ɗauke da shekarar 1924. Tebura suna waje a kan daɓen dutse, kana ci kana kallon hasumiyoyin masallacin, kuma idan an kira salla alwala kawai za ka tsallaka ka yi.

Bakano da aka ajiye wa wake da shinkafa dole ya tuna da garau-garau, amma kamar a ido kawai take. Namu wake da shinkafa a haɗe suke, mai da yaji ne ke ɗaga su. Nasu kuwa an raba su: waken yana zuwa a cikin ɗan kwano yana iyo a jan romo mai kauri, da dogon busasshen barkono ɗaya a kwance a kansa, shinkafar kuma a farantinta daban, an dafa ta da man shanu kowace ƙwaya a ware. Abin da ya ba ni mamaki shi ne laushin waken. An jiƙa shi tun dare, an dafa shi a hankali har ya zama yana narkewa a harshe, amma bai fashe ya koma fate ba, kuma ɓawonsa ba ya tsaya wa mutum a haƙori. Romon ba shi da kayan ƙamshi da yawa, daɗinsa daga man shanun da albasar da ta narke a ciki yake fitowa, shi ya sa za ka ga dattijo mai kwat da wuyan taye yana dangwala burodi yana suɗe kwanon ba tare da jin kunya ba. Ana haɗa shi da turshu, wato kayan lambu da aka tsuma a ruwan gishiri da tsami, sannan a kora da ayran, wanda ba komai ba ne illa kindirmo da aka tsinka da ruwa aka sa masa gishiri. Kurɓar farko ta ayran ta sa na yamutsa fuska, domin bakina ya saba da nono mai sukari, amma zuwa kwana na uku ni da kaina nake nemansa, saboda yana yanke maiƙon romon.

Sau huɗu na ci a wannan jeri, a shaguna uku daban-daban, kuma wake da shinkafa da turshu da ayran duka ba su kai rabin abin da na biya a daren farko ba. Da gangan na ƙi rubuta adadin lira, domin hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022 bisa ƙididdigar hukuma, kuma har yanzu farashin abinci bai tsaya wuri ɗaya ba, ta yadda adadin da aka faɗa wa mutum a bana zai iya ɓatar da shi a baɗi. Abin da zai fi amfanar matafiyi shi ne sanin cewa tun farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafe jerin farashinsu a bakin ƙofa su kuma ajiye shi a kan tebur, saboda haka tsayawa a karanta kafin a zauna haƙƙin mai saye ne.

Jerin yana da nasa cikas. Bayan sallar Juma'a cunkoso yake yi sosai, masu kai abinci suna gudu, kuma da zarar ka ajiye cokali an ɗauke kwanon, alamar akwai mai jiran kujerar. Sanyin Nuwamba kuma yana daskarar da man shanu da wuri ga wanda ya zauna a waje yana jan hira. Masu yawon buɗe ido sun riga sun san wurin, shi ya sa ya ɗan fi gidajen cikin lungu tsada, ko da yake bambancin bai kai a yi ƙorafi a kansa ba. Babban abin da Bahaushe zai rasa shi ne yaji. Jajayen ɓarzajjen barkonon da suke ajiyewa a kan tebur launi ya fi bayarwa, zafinsa kaɗan ne, kuma ranar da na ja Yaya ya zo, bayan loma biyu sai ya laluba aljihu ya fito da ƙullin yajinsa na gida ya barbaɗa, mai kai abincin yana kallonsa yana murmushi.

Wanda aljihunsa ya yi ƙasa ƙwarai yana iya hawa taragon nan ya yi yamma zuwa Capa, wanda ake furtawa Chapa, unguwar da tsangayar likitanci ta jami'ar take. A can ne hukumar birnin ta buɗe gidan abincinta mai rangwame na farko a 2022, mai suna Kent Lokantası, inda aka fara sayar da abinci kala huɗu a kan lira 29. Layin da na tarar ya fito har waje, yawancinsu tsofaffi ne da ɗalibai, sai na ga bai kamata baƙon da ya iya biyan kuɗin jirgi ya tsaya yana rage musu rabo ba, na juya.

Da maraice kuwa, daga Sulaimaniyya ana gangarawa unguwar Befa cikin 'yan mintuna, inda shagon Vefa Bozacısı yake tun 1876. Abin da suke sayarwa shi ne boza, abin sha mai kauri da ake yi da gero a bar shi ya ɗan yi tsami, a zuba a kofin gilashi a barbaɗa kirfa, a ɗora masa wani gasasshen wake mai ƙaras-ƙaras da ake saya a shagon da ke tsallaken titi. Da cokali ake shan sa saboda kaurinsa, ɗanɗanonsa yana tsakanin koko da fura, sai dai da sanyi ake ba da shi ko da a tsakiyar hunturu. A bango an adana kofin da Mustafa Kamal Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, ya sha da shi a 1937. Kofi ɗaya bayan wake ya isa ya kai mutum har safe.

Ranar da za mu taso ta faɗo Lahadi, na haura tudun don in yi sallama da ƙaramin gidan nan mai tebur takwas, sai na tarar an ja ƙofar ƙarfe an kulle, haka ma maƙwabtansa, domin Babbar Kasuwa ba ta ci ran Lahadi, kuma idan masu shaguna ba su fito ba masu dafa musu ma hutawa suke yi. Na sayi simit biyu a wajen mai kura a dandalin Bayazid, na kai wa Yaya ɗaya, muka ci da shayi muna ɗaure kaya.