Albasar fure mai ja: wacce za ka saya, kuma me za ka duba kafin ka biya

Duk wanda ya taɓa ganin amarilis ta buɗe a tsakar gida, manyan furanni huɗu jajaye a kan kara ɗaya, kowanne da baki kamar na kakaki, ya san abin da ke tsayar da mutum a gaban masu sayar da fulawa na bakin titi. Sai dai abin da za a miƙo maka sau da yawa dunƙulen albasa ne mai busasshen ɓawo, ko ganye a cikin baƙar leda, mai sayarwa yana cewa, "Ja ce, ranka ya daɗe, ja wur." Ja kam ja ce. Amma masu jan fure iri-iri ne, kuma wurin da wata ke jin daɗi, nan wata ke ruɓewa. Uku ne na ga sun cancanci a auna su kafin a zaro kuɗi.

Wadda aka fi sani ita ce amarilis, sunanta na kimiyya Hippeastrum, asalinta Kudancin Amurka, yankunan Birazil da Peru da Bolibiya. 'Yan Holan ne suka daɗe suna aurar da irinta har suka fitar da masu faɗin fure kamar tafin hannu, kuma a cikin jajayensu babu wadda ta kai Red Lion suna. Idan ka ga lamba a jikin kwali, kamar 26/28 ko 34/36, ba farashi ba ne, kaurin albasar ne a zagaye da santimita. Wannan lambar ta fi hoton da ke kan kwalin muhimmanci. Furen da za ka gani bana yana kwance a cikin albasar tun kafin ka saya, don haka ƙarama takan ba da kara ɗaya, wani lokaci biyu, babba kuma biyu zuwa uku. Idan kuɗinka na albasa biyu ƙanana ne ko ɗaya babba, ni dai babbar zan ɗauka. Daga shuka zuwa fure mako shida zuwa takwas ne, wani lokaci ya ɗan haura.

Akwai kuma 'yar'uwarta da ta daɗe a gidajen ƙasashe masu zafi, Hippeastrum puniceum, wadda janta ya karkata zuwa ruwan goro, tsakiyar furen kuma da ɗan haske. Furenta bai kai na 'yar Holan girma ba, gaskiya ke nan. Amma ta saba da rana da fari, tana haihuwar 'ya'ya a gindinta, shekara uku sai ka ga tukunya ta cika har kana rabawa maƙwabta. 'Yar waje kuwa shekarar farko za ta burge kowa, domin da guzurinta ta zo. Shekara ta biyu ake sanin ko ka iya riƙon ta. Wanda bai taɓa shuka irin wannan ba, ya fara da ta gida.

Abu ɗaya nake roƙon mai saye ya guje masa in yana son shuka mai ɗorewa: albasar da aka lulluɓe da kaki mai ƙyalli irin na kyandir, wadda ake cewa ba ta buƙatar ƙasa ko ruwa. An yanke mata saiwa kafin a tsoma ta a kakin, za ta yi fure sau ɗaya da abin da ke cikinta, daga nan yawanci ta ƙare. Kyauta ce ta kan tebur, ba ta lambu ba.

Ta biyu tamu ce ta Afirka, kuma ita ce na fi ƙauna. Scadoxus multiflorus, wadda a da ake sa ta cikin dangin Haemanthus, tana fitowa a daji tun daga Sanigal har Somaliya, ta gangara Afirka ta Kudu, har ma a kudancin yankin Larabawa akwai ta. Da ruwan farko ya sauka, sai kara ya huda ƙasa, sau da yawa tun kafin ganye ya buɗe, ya ɗauko wani jan ƙwallo a kansa. In ka matsa kusa za ka ga ba fure ɗaya ba ne, ƙananan furanni ne da kan kai 200, kowanne da zare siriri mai ɗigon rawaya a baki, kamar an tara allurai an kunna musu wuta. Mako biyu takan yi a haka, sau ɗaya a shekara, sai ta koma ganye har ƙarshen damina, da rani kuma ta ɓace ƙarƙashin ƙasa kamar ba a taɓa yin ta ba. Wanda bai sani ba sai ya zubar da tukunyar yana zaton ta mutu.

Inuwa take so. Gindin mangwaro, ko gefen katangar da ranar yamma ba ta dukansa, nan ne gidanta. Ba ta son a riƙa tone ta ana canja mata wuri, in an dame ta tana iya yin shekara ba fure. Wanda gidansa siminti ne fetal, rana daga safe har la'asar, ya haƙura da ita ko ya sama mata rumfa. Kuma don Allah a saya wurin masu rainon shuke-shuke, ko a roƙi ɗa daga tukunyar wani, kada a bi daji ana haƙe ta.

Ta uku, Sprekelia formosissima, 'yar Meziko ce. An raɗa mata sunan wani lauyan birnin Hambog na Jamus, von Spreckelsen. Kara ɗaya fure ɗaya, tsayinsa kamar santimita 30, ja mai duhu kamar karammiski, uku daga cikin kunnuwan furen a baje sama, uku a naɗe suna saukowa ƙasa. A kyau babu mai kushe ta. Tana son rana da ƙasa mai tsane ruwa, ta fi yin fure idan albasoshin sun cunkushe a tukunya, amma furen kwanaki kaɗan yake yi, kuma takan tsallake shekara. Samunta ma a kasuwanninmu sai an sha wuya. Ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba.

Ko wacce ka zaɓa, ka karɓi albasar a hannunka. Ta zama mai nauyi, mai tauri kamar albasar miya ta kirki. Juya ta ka danna gindin da saiwa ke fitowa da babban yatsa: in ya lotsa ko ya yi warin ruɓa, mayar masa da abinsa. Saiwoyi farare masu kauri alama ce mai kyau. A kan amarilis, ɗan jan tabo a ɓawon waje ba lallai cuta ba ne, domin duk inda ta gurje takan yi ja. Abin tsoro shi ne jan zane mai zurfi da ya shiga wuyan albasar, wurin ya yi laushi. Wannan cutar naman gwari ce, takan sa karan fure ya karkace ya tsage, kuma tana yaɗuwa zuwa sauran tukwane. In mai ganye ce a leda, leƙa tsakanin ganyen ko akwai wata baƙar tsutsa mai ɗigon fari ko rawaya, wadda ke huda ganye ta bi ta ciki har cikin albasa.

A littattafan Turawa ana kiran waɗannan shuke-shuke marasa jure sanyi, domin ƙanƙara na kashe su. 'Yan'uwa da ke Ingila ko Kanada dole su shigar da tukwanensu ɗaki kafin hunturun can. Mu a Kano ko Maraɗi ko Kaduna, ruwa ne abokin gaba. Albasata ta farko marka ce ta cinye ta. Na sa ta a bokitin fenti marar huji, na binne ta gaba ɗaya, ruwan Agusta ya kwana a ciki, da na tono sai ta narke a hannuna. Har yau ina jin zafin abin. Shi ya sa nake cewa ka sayi tukunya tare da albasar: ta ƙasa, mai huji a gindi, wadda tazarar da ke tsakanin albasa da bakinta ba ta wuce yatsa biyu ba. Ka haɗa ƙasar lambu da yashi mai tsakuwa da takin shanu da ya ruɓe sarai, ba ɗanye ba. Amarilis a bar kashi ɗaya cikin uku na kanta a waje, Sprekelia wuyanta kawai, Scadoxus kuma a rufe ta daidai saman ƙasa. Ruwa kaɗan har sai toho ya fito.

Bayan fure a yanke kara a bar ganye, domin ganyen ne ke tara wa albasa abincin baɗi. Amarilis tana buƙatar hutun mako takwas zuwa goma ba ruwa, kuma hunturunmu ya yi daidai da wannan: ka ɗauke mata ruwa daga ƙarshen Nuwamba, ka ajiye ta a inuwa mai sanyi, ka dawo mata da shi a ƙarshen Janairu.

Dukkan ukun guba ne in an ci. Scadoxus ma a wasu yankunan Afirka da ita ake haɗa dafin kibiya da na kamun kifi. Kada a ajiye albasar a madafa ko kusa da kwandon kayan miya, kuma gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, a ɗora tukunyar inda hannu da baki ba za su kai ba.